Ranar da Aka Hana Gwaggo Guɗa

Jikata ta haihu a makon jiya, kuma a waya labarin ya same ni. Hoto aka turo, jariri a naɗe cikin farin tawul, an yi ɗan rubutu da Turanci a ƙasa an jera masa furanni. Ƙanenta ne ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba, don idonsa na kan tasa, ana gasar ƙwallon ƙasashen Afirka kuma Ghana na cikin fili. Falon cike yake da samari, kowa ya toshe kunnuwa da 'yan igiyoyin nan, kowa da nasa filin ƙwallon a tafin hannu. In ka rufe ido sai ka rantse zaman makoki ka shigo. Na riƙe hoton ina kallo, ina jiran in ji wani abu ya tashi a gidan, ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna ina tuna baya.

A Nima ta ƙuruciyata, a nan Ankara babban birnin Ghana, abu biyu ba a yin su a ɓoye, ƙwallo da haihuwa. Rediyo ɗaya kan ishi gida guda har da maƙwabta. Mai shi ya ɗora shi a kan turmi a tsakar gida, maza su kewaye shi a kan benci, yara a ƙasa, mata daga bakin murhu suna yi kamar ba ruwansu alhali kunnensu na can. Mai sharhi yana zuba Turanci kamar ana koro shi, wanda ya yi makaranta yana juya wa sauran da Hausa ko yaren Ga, mutanen Ankara na asali, yana ƙara nasa gishirin. In Ghana ta ci kuwa ba ka bukatar mai fassara. Ihun kan taso daga Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ya tsallako babbar kwata, ya bi lungu-lungu, kwanon rufi na amsawa, ana buga murfin tukunya, awaki na tsinke igiya. Mu 'yan zango, unguwannin Hausawa da sauran baƙi, a gaba muke a wannan hauka, don yaranmu na cikin masu buga wa ƙasar, a filayenmu masu tsakuwa suka koya ba takalmi. Shekarar da aka kawo gasar nan Ankara kofin ya kwana a gida, da idona na ga limaminmu, mutumin da ko murmushi sai ranar Sallah, yana tafiya a titi da takalmi ƙafa ɗaya bai sani ba.

Haihuwa kuma guɗa ce shelarta. Da zarar jariri ya faɗo ya yi kuka, an duba uwa an ga tana numfashi, sai ungozoma ta leƙo bakin ƙofa, ta kama hanci da yatsu biyu, ta rangaɗa ta har maƙwabtan maƙwabta su ji. Ƙarar nan ita ke cewa an sauka lafiya, uwa da ɗa. Maza ba sa tambaya, ba su da bakin tambaya, guɗar suke jira. In aka ga an fito da ruwa an zubar, an koma ɗaki ba a ce komai ba, to kowa ya san abin da ya faru, sai a fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ba Hausawa kaɗai suka san wannan ba, duk wanda ya zauna da mu ya san shi, Ga ne ko Ewe ko Dagomba. Ungozomarmu Gwaggo ce, yayar Baba. A ƙasar Katsina aka haife ta, da girmanta ta zo Ghana, kuma har ta mutu tana gyara mana Hausa, wai mun mai da kowa namiji, tsohuwa ma sai mu ce ya zo. Guɗarta ba ta da ta biyu a unguwar.

Gidan da muke haya na wata 'yar Ga ne mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, kowa Mami yake ce mata. Ɗaki biyu muke da su a can ƙurya kusa da madafa, kuma a na cikin aka haife ni. Ni ce 'yar fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ke, ko yarinyar nan, kamar yadda kunya ta tanada. Mahauci ne. An kawo shi Ghana yana ɗan yaro a bayan fataken shanu, bai sake taka Najeriya ba, da za ka sake shi a tsakiyar Katsina ɓata zai yi. Amma takarda ba ruwanta da wannan. Ina ƙarama aka yi korar baƙi, aka ba duk marar takarda 'yan kwanaki ya bar ƙasar. Abin da na riƙe daga lokacin shi ne ƙarar manyan motoci, da ƙofofin maƙwabta a buɗe ba kowa ciki, da zaman da muka yi a ɗakin da Mami ke ajiye masara, ita tana zaune a bakin ƙofar tana naɗe dokunu, tana ce wa duk mai tambaya ba kowa a ciki sai ɓeraye. Mun tsira, amma Baba bai ƙara komawa daidai ba. Daga nan ya koyi tafiya a gefen hanya. In muka yi dariya da ƙarfi sai ya leƙo ya ce a rage murya, ba gidanmu ba ne. Na tsani maganar nan tun ina yarinya, kuma har yau ban daina tsanarta ba, ko da yake yanzu na san tsoron da ke ƙarƙashinta.

Mami na da ɗa namiji guda, ya ɗan girme ni. Tare muka tashi. Hausarsa ta fi tawa zaƙi, tuwon Mma mahaifiyata ya fi ci a kan dokunun uwarsa, kuma shi ke goya ni ya tsallake kwata in ruwa ya cika ta. Da zama ya yi tsanani a Ghana ya bi ayarin samari ya tafi Legas, ya kafa rumfar gyaran takalmi, yana aiko wa uwarsa sabulu da madarar gwangwani. Sai ga shi Najeriya ita ma ta yi tata korar. Ya dawo cikin waɗanda suka dawo, ƙafafu a kumbure, ido ya faɗa, ba shi da komai sai wani babban rediyo mai baki biyu da ya ɗauko a ka. Unguwa ta laƙaba wa irinsu Agege, sunan wata unguwa ce a Legas, kuma sunan ya bi shi har kabari. Abin da ya gani a hanya bai taɓa faɗa mini ba. Na dai san mutumin da ya tafi ba shi ya dawo ba. Baba kan gaishe shi ya ƙi amsawa. Ran nan yana wanke fuska a bakin famfo, Baba na jira da butarsa, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Malam, mutanenka sun kore mu kamar akuya. Uwana ya ɓoye ka. Ni ba wanda ya ɓoye ni."

Baba ya juya. Ya koma ɗaki da butar ba ruwa.

Daga nan maganar ɗakunanmu ta taso. Agege a baranda yake kwana a kan benci, yana kallon ƙofofinmu biyu. Muna jin su ta bango shi da uwarsa, yana ce mata ta sallame mu, 'yan Alata ne mu, haka ake kiran 'yan Najeriya a nan, kuma ba zai yiwu ɗan gida na waje baƙo na ciki ba. Da farko Mami kan daka masa tsawa. Daga baya tsawar ta ragu, daga baya ta daina amsa masa, kuma shirun nan nata ya fi duk zagin Agege tayar mana da hankali. Shekarar yunwa ce. Fari ya ƙone gonaki, gobarar daji ta cinye saura, ana layin burodi tun asuba, wutar lantarki sai an ga dama, mutane sun rame har ƙashin wuya ya fito. Baba kan yini a kasuwa gaban teburin da ƙudaje ma sun daina ziyarta. A irin wannan shekara in aka fitar maka da kaya waje ba inda za ka nufa. Babu mai ɗaki da zai karɓi ɗan Alata, kuma Najeriyar da ake ce mana mu koma, ko ƙofar gida ɗaya ba mu sani ba a cikinta.

A cikin wannan hali na dawo gida da tsohon ciki. A Madina, wata unguwa a gefen Ankara, aka yi mini aure, mijina tela ne, kuma bisa al'ada haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Na ƙara musu baki a kan tukunyar da ba ta isa, na kuma ƙara wa Agege hujja. Sai gasar ta zagayo, a wata ƙasa maƙwabciya, Ghana na riƙe da kofi, aka kuma ce wasanmu na farko da Najeriya ne. Ban taɓa ganin an jira ƙwallo da irin wannan fuska ba. Ba mai raha a kai. Waɗanda aka koro suna cewa a fili za a rama musu, sai ka ce 'yan wasa ne za su dawo musu da rumfunansu. Agege ya yini yana shanya batir a kan kwano don rana ta ƙara musu ƙarfi, ya goge rediyonsa da tsumma, sannan ya faɗa a tsakar gida, da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba, cewa in Alata suka ci ya ji ko tari daga ƙuryar can, da hannunsa zai fitar da kayanmu. Mami na jin sa. Ta ci gaba da juya kifinta.

Da safen ranar Baba ya tara mu a ɗaki ya rufe ƙofa. Shi ƙwallo bai dame shi ba, bai san gola ba bai san alƙali ba, amma da bakinsa ya gaya mana ya roƙi Allah a sujada a tashi kunnen doki. Ya ce zai fita ya zauna cikin masu sauraro don a ga fuskarsa, kada a ce ya shige ɗaki yana wa Najeriya addu'a. Mu kuma, ko wa ya ci, kada a ji motsinmu, ba dariya, ba daka, ba kiran yaro da ƙarfi, har sai gari ya huce. Gwaggo ta dube ni, ta ga yadda nake dafe da ƙugu tun asuba, ta ce masa yarinyar nan fa yau ce ranarta. Yana murza hularsa ya ce:

"To ko da ta sauka, Yaya, a bar guɗar nan sai gobe."

Gwaggo ta ce guɗa ba tuwo ba ce da za a ɗumama da safe. Ya ce ta yi haƙuri, gara jikansa ya zo a shiru da ya zo a titi. Ya juya ga Mma ya ce amanar a hannunta take. Duk cikinmu ba wanda ya tuna abin da shiru ke nufi a ƙofar mai naƙuda. Tsoro ya mantar da mu.

Naƙudar ta kankama bayan azahar. A zamaninmu mace ba ta kuka a kan gwiwa, balle haihuwar fari. In kika yi raki, 'yan uwanki mata za su riƙe miki shi har ki yi jika, a sa ki a waƙar daka. Yanzu ina jin 'yan mata a asibiti suna kiran sunan miji suna zaginsa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, da na samu wannan dama da na yi. Ni dai an durƙusar da ni a kan tsohuwar tabarma, Mma ta riƙe kafaɗuna, Gwaggo na bayana, aka ba ni bakin zane na cusa a baki. Tsakanina da tsakar gida bangon ƙasa ne da tagar katako da ba ta rufuwa sosai. Ina jin jan benci, ina jin maƙwabta na shigowa da sallama a taƙaice, ina jin Agege na murɗa rediyo yana neman tasha. Har ƙarar carbin Baba nake ji, ko dai zato nake ina ji.

Da aka fara wasa na gano wata dabara. Duk sanda 'yan Ghana suka doshi raga tsakar gida kan ɗauki ihu, ni kuma sai in saki zanen in yi nishina a ƙarƙashin ihunsu ba mai ji. Haka na zama mai goyon bayan Ghana fiye da duk wanda ke kan bencin nan. Ciwo na tasowa ina roƙon Allah Ya ba yaranmu ƙwallo. Gwaggo ta gane, ta ɗan dungure ni ta ce ashe 'yar zamani ce ni, amma ba ta hana ni ba. Sai Najeriya ta fara ci. Gidan ya yi tsit, mai sharhi kaɗai ke magana, kuma daidai lokacin wani ciwo ya zo da ya fi na baya, na haɗiye shi duka, na ciji zanen har dasashina ya yi jini. Ba a daɗe ba Ghana ta rama. Nima ta tashi gaba ɗaya, na yi ƙara irin wadda ban taɓa yi ba, na ji daɗinta har raina. Mma ta leƙa ta tagar ta ce ga Baba can ya miƙe tare da mutane yana tafi, yana satar kallon Agege ya ga ko ya gan shi. Wannan ya ba ni tausayi fiye da halin da nake ciki, dattijo mai furfura yana tafa wa abin da bai fahimta ba don a bar shi ya kwana a ɗakinsa.

Kafin a tafi hutu Najeriya ta ƙara, kuma daga nan wasan ya zama azaba ga kowa. Ihun da nake fakewa da shi ya koma guntu-guntu, ya taso ya katse a tsakiya, sai tsaki ya biyo baya. Batir ya fara sanyi, muryar mai sharhi na ƙanƙancewa, ina jin benci na matsowa kusa da turmi, ina jin Agege na marin rediyon da tafin hannu. Aka fara zagin Alata, da farko a hankali, daga baya a fili. Can na ji Baba ya ce Allah Ya kawo ɗaya, wani ya tambaye shi wa za a kawo wa, ba wanda ya yi dariya. Mma ta ƙara damƙe kafaɗuna har na ji faratanta. Ni kuma abin ya zo gadan-gadan, ba sauran hutu tsakanin ciwo da ciwo, Gwaggo na ce mini in yi nishi, ni ina jiran ihun da zai rufe ni, ihun bai zo ba.

Sai aka kashe rediyon. Ba wanda ya ce an tashi, ƙarar maɓallin kawai na ji. Tunda nake ban taɓa jin Nima ta yi irin wannan shirun ba. Lokacin girkin yamma ne amma ko taɓarya ɗaya ba ta motsi. Can nesa aka fasa kwalba, can kuma wasu samari suka ɗauko wata waƙa da sunan Alata a ciki. Mutanen tsakar gidanmu ba su watse ba, suna zaune inda wasan ya bar su. A cikin wannan shirun na haihu.

Mace ce, 'yar mitsitsiya, ɗiyar shekarar yunwa. Ta zo ba ta motsi. Gwaggo ta juya ta, ta tsotse mata hanci, ta yayyafa mata ruwan sanyi, sai ta yi wani ɗan siririn kuka kamar na kyanwa, wanda ko bakin ƙofa bai kai ba. Gwaggo ta yanke cibi, ta duba ni, ta yi hamdala. Sannan jikinta ya yi abin da ya saba, ta miƙe ta nufi ƙofa, hannunta ya tafi hanci. Mma ta sha gabanta, ta sa tafin hannu ta rufe bakin yayar mijinta, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Suka tsaya haka suna kallon juna, dukansu hawaye na zuba. Ni ina kwance da 'yata a ƙirji raina na ƙuna. 'Yar halal, da ubanta da danginta, amma za ta shigo duniya kamar kayan sata.

Dole a zubar da ruwa. Mma ta ɗauki daro ta fita, kai a sunkuye, ido jajur, ta ratsa ta gaban mutane ta zuba a kwata, ta dawo ta rufe ƙofa ba ta ce wa kowa komai ba. Duk gidan kuwa an san tun azahar ina kan gwiwa.

Mami ce ta fara. Ita da ta ji guɗar haihuwata, ta ji ta ƙannena ɗaya bayan ɗaya daga wannan ƙofar, ta ga ruwa, ta jira, ba ta ji komai ba. Na ji kwanon kifi ya faɗi ƙasa, sai ta fasa kukan mutuwa irin nasu na Ga, tana kirana 'yarta. Matan gida suka kama. Benci ya kife, salati ya tashi. Sai na ji muryar Baba. Shi da ya kafa dokar da bakinsa, da ya ga idon Mma ya ji kukan Mami, dokar ta fice masa daga kai, abin da ya sani tun yana yaro ya dawo masa, an zubar da ruwa ba guɗa. Ya kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, a gaban mutane. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinsa ba, ban kuma sake ji ba. Na so in amsa, muryata ta ƙi fita.

Mami ta banko ƙofa da kukanta, ta same ni ido biyu, jaririya na laluben nono. Kukan ya tsaya cak. Ta sunkuya ta taɓa ƙafar yarinyar, ƙafar ta motsa. Ta ɗago ta dubi Gwaggo, ta kama nata hancin da yatsu biyu.

"Yaro yana da rai, uwa yana da rai. Don me ba ka yi abin nan ba?"

Gwaggo da ma a cike take. Ta ce, "Ki tambayi ƙanena. Ya ce in aka ji murna daga ɗakin nan yau, a titi za mu kwana."

Ban taɓa ganin fuskar Mami haka ba. Ba fushi na fara gani ba, kunya na gani. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama Gwaggo a wuyan hannu ta ja ta har tsakiyar gida. Mma ta tura tagar ta buɗe, don haka na ga saura da idona. Baba na durƙushe a ƙasa kusa da bencin da ya kife. Agege kuwa yana tsaye dab da ƙofarmu, ya fi kowa kusa, hannu biyu a ka, fuskarsa sharkaf. Mami ta tsaya a kan Baba.

"Malam, shekara nawa kana cikin gida nan? Ni na ɓoye ka cikin masara. Yau kai kana ɓoye mini jika?"

Sannan ta juya ga ɗanta ta yi masa magana da Ga, gajeriya, kuma ina jin Ga. Ta ce gidan nata ne muddin tana numfashi, wanda kuma ba zai iya jin an haihu a ƙarƙashin rufinta ba, ƙofa a buɗe take. Ta saki hannun Gwaggo ta ce, "Tsohuwa, yi."

Gwaggo ta yi. Ta zuba duk abin da aka danne mata a ciki, doguwa, mai kaifi, ta ja numfashi ta ƙara. A ranar da gari ke da hayaniya da ta tsaya a lungunmu, amma a wannan shirun har Mamobi ta ji. Abin da Baba ke gudu kuwa bai ɓata lokaci ba. Muka ji gudu a lungu, muka ji ana dukan ƙyauren kwano. Samari ne, yawancinsu cikin waɗanda aka koro, da sanduna da duwatsu, suna tambayar su wa ke murna, a fito musu da 'yan Alatan. Dutse ya faɗo a kan rufinmu, jaririyar ta zabura a ƙirjina. Baba ya miƙe, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya nufi ƙofa zai ba da haƙuri kamar yadda ya saba. Agege ya kama kafaɗarsa ya matsar da shi gefe, ya buɗe ƙyauren ya tsaya a ciki. Sun san shi, tare suka kwana a ƙasa a bakin iyaka. Suka ce ya kauce, ai shi ma da kunnensa ya ji. Bayansa kawai nake gani. Ban san inda zai faɗa ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

"Cale, abokaina, ku koma. Ba bal ba ne. Ƙanwana ya haihu."

Wani ya tambaye shi tun yaushe 'yar Alata ta zama ƙanwarsa. Ya ce tun kafin ya san hanyar Legas, kuma mai son shiga sai ya bi ta kansa. Suka yi ta gunaguni, aka ƙara jefa dutse ɗaya a rufi don kada a koma hannu banza, sannan ƙafafun suka yi nisa. Magariba ta yi, ba lantarki ba kananzir, Gwaggo na neman hasken da za ta wanke jaririya. Agege ya buɗe bayan rediyonsa, ya zare batiran, ya ajiye a bakin ƙofarmu. Muka sa a tocila. Hasken ja ne, ya kusa mutuwa, amma ya isa wankan.

Bai taɓa ba Baba haƙuri ba, bai kuma daina zagin Legas ba, duk ranar da ƙasashen biyu suka haɗu a fili ba ya cin abinci. Amma maganar ɗakuna ba ta sake tashi ba. Ya kafa nasa na katako a bayan madafa, Baba na miƙa masa ƙusa. A ɗakin nan na ciki Baba ya cika, kuma har cikin ciwon ajalinsa in jikoki suka yi dariya sai ya ce a rage murya.

Yanzu gidan Mami bene ne, ban san masu shi ba. Ita da Gwaggo da Agege duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Yar mitsitsiyar nan ita ce uwar jikata da ta haihu a makon jiya, wadda aka turo mini hoton ɗanta da furanni. Na daɗe ina kallon hoton a falon nan mai shiru. Sannan na ajiye wayar, na dafa kujera na miƙe, na buɗe taga, na kama hancina. Murya ta tsufa, numfashi ya gajarta, ko kusa da ta Gwaggo ban kai ba, amma ta fita. Samarin suka zabura suna zare igiyoyi daga kunne, wani na tambaya ko Ghana ce ta ci. Jikan nawa ya dube ni a tsorace ya ce, "Kaka, a rage murya mana, maƙwabta za su ji."

Na ce masa ya tashi ya buɗe ɗaya tagar, ban gama ba.